Gizon da ya kusa sa mu fesa fiya-fiya



A daminar bara ɗana ya tashi da ƙuraje a wuya, jawur kamar ƙuna. Hajiya na gani ta ce, "Tautau ne ya yi masa fitsari, a fesa fiya-fiya a ɗakin." A ɗakin nan kuwa jaririyarmu take kwana.

Da na duba bango sai ga wani ɗan gizo baƙi, da farin layi a tsakiyar baya, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Na ɗaga takalmi, sai ya juyo ya zuba mini manyan idanu biyu, ya yi tsalle ya koma kan taga. Maimakon in kashe shi sai na ɗauke shi hoto, na tura wa wani ɗalibi da ke bincike a dajin Amurum, kusa da Laminga.

Ya ce wannan gizo mai tsalle ne, daga dangin Salticidae, masu nau'i sama da 6,000 a duniya. Idanunsa takwas ne, biyun gaba su ne manya. Ba ya saƙa yana don kama abinci, laɓaɓawa yake yi kamar kyanwa, ya dira kan ƙuda ko sauro. Namu, in ji shi, ya yi kama da namijin Plexippus paykulli da ke zama a bangon gidaje. Amma ya ƙi yanke hukunci, don tabbatar da nau'i sai an duba gaɓoɓin haihuwarsa da madubin ƙara girma. Wannan kamewar tasa ta burge ni.

A asibiti aka ce ƙurajen sun fi kama da na wani siririn ƙwaro mai ja da baƙi da ke bin hasken fitila, wanda ruwan jikinsa ke ƙona fata idan an murje shi. Aka ba mu man shafawa, cikin kwanaki yaron ya warke.

Hajiya ta yi dariya ta ce, "Ashe ba a tatsuniya kaɗai ake ɗora wa Gizo laifi ba."

Jama'ar Daɗin Kowa, kafin mu zuba guba inda yaranmu ke kwana, mu fara sanin wa muke yaƙa. Gizon nan yana kan tagarmu har yau, yana taya mu farautar sauro.

Allah ya tsare mana zuri'a.