Baƙar ledar da na sa wa motata

Zafin Ibadan da gumi yake zuwa, motar da ta wuni a rana a Mokola kuwa sitiyarinta ba ya taɓuwa. Dalilin da na riƙa faɗa wa mutane ke nan da na kai motata a manna mata baƙar leda. Amma tsakanina da Allah, so nake in shigo Sabo ba a ganin wanda ke ciki.

Mai mannawar ya shimfiɗa min samfura. Ya ce lambar da ke jikin kowace tana nuna yawan hasken da take bari ya wuce: mai 35 ana gani da ita da dare, mai 5 kuwa kashi 5 cikin 100 kawai take shigarwa. "Alhaji, ka ɗauki mai 35," in ji shi. Na ɗauki mai 5, kuma mafi araha. Ya ce kada in sauke gilashi sai gam ya bushe. Tun kafin in kai shataletalen Mokola na sauke don in gaisa da wani, bakin ledar ya naɗe.

Ledar araha rini ne kawai a jikinta. Rana ta cinye rinin, ta koma ruwan shunayya, ta tashi kamar bororo. Ni kuma na ƙarasa ta da busasshen tsumma da ruwan wanke gilashi mai amoniya, alhali ruwan sabulu da tattausan ƙyalle kaɗai take buƙata.

Babban kuskuren yana gaba. Na ƙi biyan kuɗin cirewa, na sa reza na kankare gilashin baya da kaina. Siraran layukan nan da ke kwance a jikinsa wayoyi ne masu ɗumama shi don ya daina raɓa. Na tsinka su ban sani ba. Masu sana'ar da tururi suke sassauta gam, su ja ledar a hankali.

Wani dare da damina, bayan Isha'i, gilashin baya ya rufe da raɓa, na gefe kuwa baƙi ƙirin, ko madubi ba na gani. Na yi ribas a lungunmu, na bugi wani dattijo mai sayar da goro. Ƙafarsa ta gurɗe, farantinsa ya kife a taɓo. Na fito jikina yana rawa, na ce, "Baba, ka yafe min." Ya ce, "Ɗana, ai na ɗaga maka hannu, ba ka gan ni ba ne?" Ban gan shi ba. Na biya magani, amma makonnin da ya yi bai fita kasuwa ba suna wuyana.

Ko izini ba ni da shi. Tun 1991 dokar Najeriya ta hana baƙin gilashi sai da amincewar Sufeto Janar na 'yan sanda, bisa dalilin lafiya ko tsaro, kuma a 2025 aka dawo da neman izinin ta intanet.

Ɗan'uwa, in zafi ne ya dame ka, akwai leda mai tare zafi wadda ba ta da duhu sosai, sai dai ta fi tsada. Kafin ka biya, ka ɗaga samfurin da magariba ka duba ko kana hango mutum a tsaye a bakin titi. In ba ka hango shi ba, ka ajiye ta.