Jarumi Ya Zo Taya Murna da Karyayyen Turanci

Yau da 'yan'uwana marubuta nake.

A littattafan soyayya da yawa, da zarar jaruma ta gama Jami'ar Bayero, sai ga saurayi da mukullin sabuwar mota yana faɗin "Congratulation for your graduation." Wai shi ɗan boko, har Ingila ya yi karatu! To kuskure biyu ne a jimla guda. Kalmar da harafin s take ƙarewa, congratulations, kuma on ke bin ta a nan. Ita ma jarumar, graduated from za ta ce kafin sunan jami'ar. Yar da from ɗin nan salon hirar wasu Amurkawa ne. Ranar biki kuwa, kafin a ba ta digirin, graduand ake kiran ta.

Abin da ke damuna, 'yan matan sakandare daga shafukanmu suke kwasar Turancin nan, su kai shi kan kalanda da katin gayyata, har takardar jarrabawar WAEC.

Ni dai jarumina na gaba "Barka, Allah ya sanya albarka" zai ce, kamar yadda ake yi wa mai saukar Alƙur'ani.