Kuɗin da Ke Littafi da Kuɗin da Ke Hannu

Tun da wayar hannu ta shigo, labarin tsadar tsohon kan sarki ya iso har zaurukanmu na Jega. Yara kan ga hoton ɗan guntun takarda an rubuta miliyoyi a ƙarƙashinsa, sai su tuna akwai tsoffin wasiƙu a adakar kaka. Ni da na fara tara kan sarki tun ina firamare, zamanin da ake sayensa da kwabo da sisi a gidan waya, wannan labari yana tayar mini da hankali fiye da yadda yake faranta mini rai.

Ba ƙarya ba ne, farashi yana hawa. Wani kamfani a Landan, Stanley Gibbons, tun 1865 yake buga kundin farashin kan sarki na duniya, kuma duk wanda ya jera tsohon bugu da sabo zai ga lambobin sun yi sama. Mu ma muna da namu a ciki. A 1900 aka fara buga kan sarki mai sunan Nijeriya ta Arewa, da hoton Sarauniya Biktoriya, aka ci gaba har zuwa haɗe Kudu da Arewa a 1914. A cikinsu akwai na fam 25 da ya fito a 1904, shekara guda bayan Turawa sun ci Sakkwato. Wa ke da fam 25 na mannawa a takarda a wancan zamani? Shi ya sa kaɗan ne suka wanzu, kuma yau kuɗinsa a kundi ya kai dubun dubatar fam.

Kwanan baya ɗan ƙanwata ya zo daga Maiyama da gwangwanin alewa cike da kan sarki, waya a ɗaya hannun. Ya ce, "Kawu, dubi wannan, irinsa ne sak na gani a intanet. Nawa ke nan da kuɗinmu?" Na ce, "Zauna tukuna, ɗana, miƙo mini tabarau." Na ɗaga shi saitin hasken ƙofa. Na jerin 1953 ne, mai hoton mahaya dawakin Barno, na kwabo guda. Haƙora biyu na gefensa sun gutsure, kyankyaso ya lashe bayansa har takardar ta yi shara-shara, ga ɗigon tsatsa da laimar damina ta bari, ga jar ƙurar hunturu ta shige shi. Ko da lafiyarsa lau, an buga irinsa miliyoyi. Kuɗin da kundi ke rubuta wa irin waɗannan ladan wahalar mai kanti ne na ciro shi ya sa maka a ambulan. Yaron ya yi shiru. Na ji tausayinsa, domin a zuciyarsa ya riga ya sayi babur.

Abin da shekaru suka nuna mini shi ne, lambar da ke kundi kuɗin da mai kanti ke son ya sayar ne, kuma na kaya mara aibi. Ran da kai ne mai sayarwa, dillali zai taya da kaso kaɗan na wannan lamba, in ma ya taya. Manomin Aliero ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan. Yakan ji a waya cewa buhun albasa ya yi tsada a Legas ko Anacha, amma ya san kuɗinsa shi ne abin da mai mota ya ƙirga masa a bakin hanya. Ya kuma san wanda ya jibge albasa a rudu tun kakarta yana jiran tsadar ƙarshen shekara, sai ya cire wadda ta ruɓe da wadda ta tsira da wadda ta motse kafin ya yi maganar riba. Bambancin kawai, albasa kowane gida na nemanta, kan sarki kuwa mai sayensa yana Landan ko Amurka, kuma tsofaffi ne akasari.

Akwai kuma wata hawa da ba hawa ba ce. Kundin da fam na Ingila ake rubuta shi. A 1973 da aka kawo naira, naira biyu ake ba mutum a madadin fam ɗaya na Nijeriya. Yau fam na Ingila ya wuce naira dubu nesa ba kusa ba. Kan sarkin da bai ƙara ko kwabo a Landan ba, in ka juya kuɗinsa zuwa naira sai ka ga kamar ya yi fiffike. Kuɗinmu ne ya faɗi.

Su kansu manyan masu abin ba su tsira ba. Kan sarkin da ya fi kowane suna a duniya na ƙasar Gayana ne, na 1856, ƙwaya ɗaya tak ta rage. Wani yaro ɗan shekara 12 ya tsince shi cikin takardun gidansu a 1873, ya sayar sule shida. A 2014 aka yi gwanjonsa a kan kusan dala miliyan 9.5. A 2021 aka sake sayar da shi dala miliyan 8.3, wato mai shi ya yi asarar sama da miliyan guda. Wanda ya saya shi ne kamfanin nan mai buga kundin, kuma a ƙarshen 2023 bashi ya durƙusar da shi sai da aka sake masa masu riƙo. A Sifen abin ya fi muni. Kamfanoni biyu, Afinsa da Forum Filatélico, sun yi shekaru suna karɓar ajiyar talakawa da alkawarin cewa kan sarki ba ya faɗuwa, har hukuma ta rufe su a Mayun 2006, dubban ɗaruruwan mutane suka wayi gari da takardun da ba su kai abin da aka ce ba. Mun ga irin wannan a nan da wasu sunaye, masu cewa kawo dubu goma ka karɓi ashirin.

To me ya sa har yanzu nake riƙe da nawa? Domin a jikinsu na fara ganin ƙasata. Ban taɓa zuwa Jebba ba na san gadarta. Na ga ma'adinin kuza na Jos da tagullar Ife ina zaune a aji. Da jerin 1973 ya fito da hoton masunta a bikin kamun kifi na Argungu, mun yi ta nuna wa juna kamar an buga hoton gidanmu.

Amma abin da ya fi damuna shi ne ambulan. Yaron da ya ji labarin miliyoyi yakan yage kusurwar da kan sarki yake, ya jefar da sauran, ko a ƙunshe ƙosai da ita. Alhali ko ta fuskar kuɗi, masu tarawa na yanzu sun fi son ambulan sukutum, musamman mai hatimin ƙaramin gari. Ta fuskar tarihi kuwa ba a magana. Wannan baƙin zagaye mai sunan Jega ko Birnin Kebbi ko Yelwa, da rana da wata da shekara, shaida ce da ba ta mantuwa. A cikin ambulan akwai wasiƙar ɗan da ya tafi fataucin goro Gwanja, da ta sojan da aka kai Bama lokacin yaƙin Hitila, da ta ɗan ci-rani da ya aiko fasa oda daga Ibadan a biya haraji. Wasu da ajami, wasu da boko, wasu da hannun marubucin wasiƙa da ke zama a bakin gidan waya ana biyansa. Ba mu da yawan takardun da talakan ƙasar Gwandu ya yi magana da bakinsa a cikinsu. Waɗannan su ne, kuma gara na cinsu kullum.

Na gaya wa ɗan ƙanwata ya koma Maiyama ya dubo ko akwai waɗanda ba a yage ba, ya sa su tsakanin farar takarda, a akwatin ƙarfe, nesa da bango da ƙasa, kada ya sa musu gam ko ya wanke su. Arewa House a Kaduna da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato suna adana tsoffin takardu, amma tsohuwar da ke Maiyama ba za ta hau mota zuwa can da ƙunshin wasiƙun mijinta ba. Tun 2006 muna da jami'a a Aliero. Ɗaki guda a ɗakin karatunta, da ma'aikaci ɗaya mai na'urar ɗaukar hoton takardu wanda zai riƙa zagayawa gida-gida da izinin hakimai, ya ɗauki hoto ya mayar wa masu abu abinsu, ya isa a fara. Nawa suna nan a shirye ran da aka buɗe ɗakin.