Minti 30 da ke tsakanin ɗan wasa da kabari

Jordan McNair ɗan shekara 19 ne, ɗalibi a Jami'ar Maryland ta Amurka, yana buga mata ƙwallo irin ta Amurkawa. Ranar 29 ga Mayu, 2018, ana cikin gudun atisaye jikinsa ya rikice. Ko da aka isa asibiti zafin jikin ya kai digiri 41. An yi masa dashen hanta, amma ranar 13 ga Yuni rai ya yi halinsa. Bincike ya nuna ba a auna zafin jikinsa a filin ba, ba a kuma tsoma shi cikin ruwan sanyi ba. Daga baya shugaban jami'ar ya fito ya ce alhakin yana wuyansu.

Abin da ke ci mini rai shi ne maganin wannan ciwo na zafi ba ɓoyayye ba ne, kuma ba shi da tsada. Mai gudu, tsokarsa ce ke hura wutar daga ciki. Idan gari ya yi zafi, ga gumi ba ya bushewa, ga kaya masu nauyi, sai zafin ya taru ya haura digiri 40, ya taɓa ƙwaƙwalwa, daga nan hanta da ƙoda. Shi ya sa alamar farko sau da yawa a hankalin yaro take fitowa: sambatu, tangaɗi, faɗa ba dalili. Kuma yana iya kasancewa sharkaf da gumi, kada wannan ya ruɗi kowa.

Cibiyar Korey Stringer da ke Jami'ar Connecticut, wadda aka sa wa sunan ɗan wasan Minnesota Vikings da zafi ya kashe a 2001, ta daɗe tana nanata ƙa'ida guda: a fara sanyaya yaro a inda ya faɗi, sannan a ɗauke shi. A tsoma shi har wuya cikin ruwa da ƙanƙara, ana motsa ruwan. Muddin aka sauko da zafin cikin minti 30, da wuya a rasa shi. Jiran mota yana cinye mintocin nan. Haka nan jiki na buƙatar kusan mako biyu kafin ya saba da aiki cikin zafi, don haka kwanakin farko na atisaye ne suka fi haɗari, musamman ga yara masu jiki.

Amma baho da ƙanƙara ba za su yi amfani ba in koci na ganin gajiya ragwanci ce. Yaro na son ya burge, yana tsoron a ce masa rago, ba zai taɓa cewa ya gaza ba. Babba ne zai tsayar da shi.

Mu da muke ganin digiri 40 da ɗoriya a Sakkwato da Maiduguri da Yamai daga Maris zuwa Mayu, abin ya shafe mu. Malaman wasanni, don Allah ku mayar da atisaye da gasar makaranta zuwa sanyin safiya ko bayan la'asar sakaliya, kada a hana yaro ruwa da sunan horo. In babu baho, a kwantar da shi a inuwa kan leda mai faɗi, a ɗaga gefunanta, a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana fifita, wani kuma ya ruga neman mota.