Ƙarfin Karan Dawa

Iskar damina kan kwantar da dawa a gonakin Wudil, amma sau da yawa sai ta sake miƙewa. Ƙarfin karanta ya dogara sosai ga selulos, sinadarin da Anselme Payen ɗan Faransa ya gano a 1838. Dubban ƙwayoyin sukari ne suka sarƙu a miƙe, sarƙoƙin suka manne da juna, suka zama zare mai wuyar tsinkewa, ya naɗe kowace ƙwayar halittar tsiro kamar igiyar rama a jikin dami. In ruwa ya cika ƙwayar, bangon zaren nan ya riƙe, tsiro ya tsaya. Abin na ba ni mamaki: sukari ne, amma cikinmu bai iya narkar da shi. Shanun kasuwar Kara kuwa, ƙananan halittun tumbinsu ke narkar musu da shi.