Fijo Mai Shekara Arba'in A Gaban Na'urar Gwaji

Cikin takardun da doka ta wajabta wa mai mota ya riƙe, akwai guda wadda jama'a ba su cika ba ta muhimmanci ba, watau takardar shaidar lafiyar mota, wadda ake sabuntawa shekara-shekara. Galibinmu mun ɗauke ta tamkar rasidin haraji: a biya kuɗi, a karɓa, a naɗe a jefa cikin mota, sai ran da ma'aikacin hanya ya ɗaga hannu. Alhali kuwa magana ce mai nauyi takardar nan take ɗauke da ita. Cewa take yi wani masani ya duba motar nan, ya tabbata in an taka birki za ta tsaya, in an murɗa sitiyari za ta bi, in dare ya yi za ta haska hanya. Mai sabuwar mota ba ya jin nauyin wannan magana. Mu masu riƙon tsofaffi mu muka san shi.

Tawa motar Peugeot 504 ce, wadda Hausawa ke kira Fijo, doguwar nan mai layin kujeru uku. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ya saye ta sabuwa ful a 1984, saboda haka ta girme ni, kuma a cikinta aka ɗauko ni daga asibiti ran da aka sallami mahaifiyata. Ga yaran yanzu da ba su san ta ba, a Faransa aka fara ƙera irinta a 1968, shekara ta zagayo aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai, a 1975 kuma ta cinye tseren Safari na ƙasar Kenya, wanda ba a yinsa sai kan hanyoyin da ke karya ƙashin mota. A wannan shekarar ce dai masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci a Kakuri. Turawa sun daina yin 504 a ƙasarsu tun 1983, amma mu muka ci gaba da harhaɗa ta har 2006. Gwamna ya hau ta, alƙali ya hau ta, ɗan kasuwa ya hau ta, direban tasha kuwa ya ɗora mata abin da mai ƙera ta bai taɓa mafarki ba.

To, aiki ya kawo ni Ikko, na zo da ita. Tun farkon 2022 gwamnatin jihar ta kafa ƙa'idar cewa ba a ba da takardar shaidar lafiya sai an kai motar kanta wurin gwaji, inda na'ura mai kwamfuta za ta auna ta. Wannan shi ya sa duk shekara in lokaci ya matso sai na yi sati biyu ina zirga-zirga tsakanin ofis da gareji.

Bakanikena dattijo ne, mutumin Kaduna, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana kwance injin Fijo yana ɗaurawa. Ba ya fara aiki sai ya shiga ƙarƙashinta da fitila da ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasa ƙarfe, domin iskar Ikko mai gishiri ce, tsatsa kuwa daga ciki take ci, fenti na waje yana sheƙi. Bana ya sami wuri guda ƙarƙashin ƙafar direba, aka yanke aka yi walda. Sa'an nan muka koma kan kafireto. Motocin zamani kwamfuta ke auna musu mai da iska, amma tawa sai an sa sukundireba ana saurare da kunne. In mai ya yi yawa hayaƙin ya cika da guba, na'ura kuma ta kama shi ta bakin salansa. Aka sauya filogi, aka daidaita fitilu a jikin bango da almuru, aka gyara sigina ta baya wadda ta daɗe tana ƙyafta ido sa'ad da ta ga dama.

Sai taya. Mutane da yawa ba sa duban komai sai zanenta, in da saura shi ke nan. Amma a gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke faɗin ranar haihuwarta: in ka ga 2319, ma'anarsa mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, ta bushe ta tsattsage. Biyu daga cikin nawa zanensu garau, amma shekarunsu sun ja, dole na tafi kasuwa. Nan ne aljihu ya ji jiki.

Ana cikin haka wani da muke shan shayi tare ya ja ni gefe, ya ce me zai sa in wahalar da kaina a kan tsohuwa, alhali ya san wanda zai kawo mini takardar har gida ba tare da motar ta motsa daga inda take ba. Ya faɗi kuɗin, bai kai kuɗin taya guda ba. Ko takardar ta gaskiya ce ko ta jabu, wannan bai dame shi ba, ni ma ba shi ya tsaya mini a rai ba. Abin da ya tsaya mini shi ne, motar nan ita za ta ɗauki maiɗakina da 'ya'yana biyu zuwa gida in salla ta zo, tafiyar yini guda cur, ta Ibadan da Ilori da Jebba, cikin manyan motoci da gangara. Takarda tana iya rufe bakin ma'aikaci, amma ban taɓa jin ta tsayar da mota a bayan tirela ba. Na yi masa godiya, muka rabu lafiya.

Ran gwaji na isa da sassafe. Motar ta tara mutane, har wani ma'aikaci mai furfura ya zagaya ta yana shafa bodi, ya ce da irinta ya koyi tuƙi. Na'ura dai ba ta san wannan ba. Aka sa ma'auni a salansa, hayaƙi ya wuce. Aka haska fitilu cikin wani akwati mai gilashi, suka wuce. Aka girgiza ƙafafunta don a ga ƙarfin shokozoba, aka shiga rami aka duba ƙarƙashi. Daga nan aka ɗora tayoyin gaba bisa wasu ƙarafa masu juyawa aka ce a taka birki, allo ya nuna dama da hagu sun kama daidai. Da aka zo na baya sai na ga ma'aikacin ya sake cewa a taka. Ƙafar hagu ba ta kama da rabin ƙarfin ta dama ba. Aka buga takarda, aka ce motar ba ta ci ba, aka ba ni wa'adi in gyara in komo.

Da na kai wa dattijon labari bai yi musu ba, ya ɗaga motar ya cire tayar. Birkin gaba na irin wannan mota faifai ne, na baya kuwa ganga, a cikinta akwai 'yar silinda da man birki ke turawa, ita kuma ta tura fatar birki ta manne da gangar. Robar silindar ta sassauta, mai yana tsiyaya kaɗan-kaɗan har ya jiƙe fatar, fata mai maiƙo kuwa sai santsi. Na ce, "Baba, yaya aka yi muna hawa kullum ba mu ji ba?" Ya ce, "Ɗana, a cikin gari birkin gaba ke yin yawancin aikin, ƙafarka ba za ta gaya maka ba. Sai ran da ka cika ta da kaya, ruwa ya sauka, ka taka da ƙarfi, ran nan za ta juya maka baya." Kwana biyu muka yi muna neman silindar a kasuwar Ladipo kafin mu sami mai kyau. Ya sauya ta hagu da ta dama gaba ɗaya, da fatunsu, ya zubar da tsohon man birki, domin man nan yana shan raɓa, in ya daɗe sai ya tafasa cikin zafi birki ya tafi ƙasa.

Wani abokin aiki da ya ji wannan wahala ya ce da a Ingila nake da na huta. Gaskiyarsa. Can tun 1960 suke gwajin nan, yanzu kuma kowace mota da ta cika shekara 3 sai an gwada ta duk shekara, amma daga watan Mayu na 2018 sun ɗauke wa motocin da suka haura shekara 40 wannan wajibi, muddin ba a yi musu babban sauyi ba. Hujjarsu ita ce masu irin waɗannan motoci 'yan sha'awa ne, suna lallaɓa su, ba su fito da su sai jefi-jefi. Ni dai ba na fatan a kwaikwayi wannan a nan. Tsohuwar mota a can abar ado ce da ake gogewa ran Lahadi. A nan kuwa har yau tana ɗaukar buhunan masara da fasinjoji daga kasuwar ƙauye zuwa birni, kayan gyaranta rabi na gwanjo, hanyar da take bi kuma mun san ta. In akwai motar da ta fi kowace bukatar a hau da ita kan ƙarafan nan masu juyawa, to tamu ce.

Ranar Talata na mayar da ita. Birkin baya ya kama daidai, hambirki ya riƙe, aka buga takarda mai wa'adin wata goma sha biyu. Ma'aikacin ya nuna mini tsagar da ta fara a kusurwar gilashin gaba, ya ce bana ba ta kai inda za ta tare wa direba gani ba, amma baɗi in ta ƙara tsawo ba zai sa hannu ba. Na riga na aika Kaduna a tambayo mini kuɗin gilashin a Panteka.