Jiniyar Kakuri

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Kakuri ko Makera a shekarun 1970 bai damu da agogo ba, jiniyar masaƙa ce ke faɗa masa lokaci. Da ta kaɗa sai titi ya cika maƙil da kekuna, masu aikin dare na fitowa da burbushin auduga a gira da gashin baki, na safe na kutsawa da kwanon abinci ɗaure a bayan keke, ga masu koko da ƙosai jere a bakin ƙofa suna ba da bashi ba rubutu ba shaida, don kowa ya san wata zai ƙare, albashi kuma zai fito. Yau ciyawa ce a bakin ƙofar.

Sa'o'ina sun san zancen, yara ne nake so su ji. A zamanin Sardauna aka haɗa gwiwa da kamfanin David Whitehead na Ingila, masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, sannan Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya. Audugar manoman Funtuwa da Gusau ce ke komawa akoko da atamfa a nan.

Babana ko aji ɗaya bai yi a boko ba. Da allo ya zo Kaduna, ya shiga ɗaya daga cikin masaƙun nan a matsayin lebura mai shara, ya koyi tsayawa kan injin saƙa, kafin ya yi furfura ya zama helluma. Kada wani ya ce muku aljanna ce. Ƙarar injina ta cinye masa kunne ɗaya, ƙurar auduga ta bar masa tarin da ya bi shi har kabari, manaja kuwa na can GRA da Fijo da kuku. Talaka dai talaka ne. Sai dai akwai tsani, kuma ana ganin masu hawansa. Adams Oshiomhole daga Arewa Textiles ya fara, ya bi ta ƙungiyar ma'aikatan masaƙu har ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, a 1999. Ni kuma, da aka buɗe shirin firamare kyauta na UPE a 1976, benci ɗaya na zauna da ɗan wani babban sakataren gwamnati, tsumagiya ɗaya malam ke zuba mana, littafi kyauta, kuma sau biyu ina kayar da shi a lissafi (har yau bai yarda ba).

Yanzu jikokin sakataren nan ba su san ƙofar makarantar gwamnati ba.

Rushewar ba dare ɗaya ta zo ba. Shirin SAP na 1986 ya karya naira, kayan gyaran inji suka yi tsada, wuta ta zama sai an gani, baƙin mai ya gagara, atamfar waje ta kwararo ta fasa-ƙwauri. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi sahu a 2007. Tsofaffin ma'aikata da dama sun rasu suna jiran kuɗin sallama.

Kwanan baya na hau Keke Napep ta Kakuri. Yaron da ke tuƙi digiri gare shi, keken ba nasa ba ne, kullum sai ya kai balas kafin ya ci nasa. Da muka zo daidai doguwar katangar masaƙar nan na tambaye shi ko ya san mene ne a ciki. Ya ɗan leƙa, ya ce, "Wallahi Baba, an ce da kamfani ne. A ina za ka sauka?"